Lafiyar Iyali: Kafaɗa, Tulu a Kan Gammo

Kafin mu shiga bayanin wannan fitowa, ina roƙon mai karatu ya ɗora yatsun hannunsa na hagu a kan ƙashin nan da ya gitta daga saman ƙirji zuwa kafaɗar dama, sa'an nan ya ɗaga hannun dama sannu a hankali har ya miƙe sama sosai. Zai ji ƙashin yana tashi, yana ɗan juyawa a ƙarƙashin yatsunsa. In kuwa ya sa wani ya dafa masa baya, shi ma wancan zai ji allon kafaɗa yana zamewa yana nufar hammata. Ashe ke nan ba gaɓa ɗaya ce ke ɗaga hannu ba, taron dangi ake yi mata.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi kafaɗa. Akwai ƙashin damtse, wanda kansa na sama yake a mulmule. Akwai allon kafaɗa, wanda lokotoro zai rubuta muku shi a takarda da sunan omoplate. Na uku shi ne wanda kuka taɓa ɗazu, ƙashin wuya, wato clavicule, wanda aikinsa tokare kafaɗa ne don kada ta rufto kan ƙirji, kamar yadda ake tokare rumfa da sanda. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, hannu duka, da shi da duk kayan da yake ɗauka, a wuri ɗaya tak ya haɗu da gangar jiki ƙashi da ƙashi, wato inda ƙashin wuya ya sadu da ƙashin ƙirji a ƙasan maƙogwaro. Shi kuwa allon kafaɗa ba a ɗaure yake da haƙarƙari ba. Yana kwance ne a kan tsoka, tsoka kuma ta lulluɓe shi, har an ƙirga tsokoki 17 da suke manne da wannan allo guda.

To, sai mu zo ga ainihin gaɓar, inda kan ƙashin damtse ya zauna a jikin allo. Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce a gwada ta da gaɓar ƙugu. Kan ƙashin cinya yana zaune ne cikin rami mai zurfi, kamar taɓarya cikin turmi: tana motsi, amma turmin ya kewaye ta, shi ya sa ƙugu ba ya gocewa sai an yi babban haɗari. Kafaɗa ba haka take ba. Gurbin da ke jikin allo ɗan ƙarami ne, ba shi da zurfi, bai rufe abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na kan ƙashin damtse ba. An kewaye bakinsa da wani zobe na guringuntsi mai taushi wanda ke ɗan ƙara masa zurfi. In kuna son misali, ku dubi yarinyar da ta ɗauko tulu daga rijiya. Tulun shi ne kan ƙashi, gammon shi ne zoben guringuntsin. Kowa ya san gammo yana taimako, amma ba shi ne ke hana tulu faɗuwa ba. Wuyan yarinyar ne, da gyaran da take yi a kowane taku ba tare da ta ma sani ba. Haka kafaɗa take. Rashin zurfin gurbin nan shi ne ya ba ta damar kai hannu sama, da baya, da gefe, da kewayawa, abin da babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da take iya yi. Kuma shi ne dai ya sa tsaronta ya koma wuyan tsoka.

Masu wannan tsaro tsokoki huɗu ne ƙanana, waɗanda ba a ganinsu daga waje. Dukansu daga allon kafaɗa suke tasowa, ɗaya ta gaba, ɗaya ta sama, biyu ta baya, sai agararsu, wato igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, ta haɗu ta rufe kan ƙashin damtse kamar hula. Shi ya sa da Faransanci ake ce musu coiffe des rotateurs. Babbar tsokar nan da ta ba kafaɗa siffarta, wadda samari masu ɗaga ƙarfe ke alfahari da ita, tana da ƙarfin ɗaga hannu, amma da ita kaɗai ce, da sai ta fizgi ƙashin ya daki rufin gaɓar. Ƙananan nan huɗu su ne ke danne kan ƙashin cikin gurbinsa a daidai lokacin da babbar ke ja. Saurayin da ya gina ta waje ya manta da na ciki, ya yi wa ɗaki ado ne ya bar ginshiƙi.

Akwai kuma wani tsari a tafiyar hannu wanda ya kamata a sani. In hannu yana rataye a gefe, a ce yana kan sifili. In ya yi daidai da kafaɗa, digiri 90 ke nan. In ya miƙe sama, 180. Daga cikin 180 ɗin nan, wajen 120 ne kawai gaɓar kanta ke bayarwa, sauran 60 juyawar allon kafaɗa ce a kan haƙarƙari. Wani lokotoro na birnin Boston a Amurka, Ernest Codman, shi ya ja hankali ga wannan tafiya tare cikin littafinsa na 1934, sai Inman da abokan aikinsa suka auna ta a 1944, suka ce kusan biyu bisa ɗaya ce. Amfanin sanin wannan a gida ba ƙarami ba ne. Ku gwada: ku ranƙwafa kamar mai ɗinki a kan keke, ku ɗaga hannu, za ku ga ya tsaya a hanya. Ku miƙe ƙirji ku sake ɗagawa, sai ya wuce. Wanda ya wuni a ranƙwafe, tela ne, ko ɗan lakwal, ko mai duban salula, ya hana allon kafaɗarsa biyan nasa kason, sai nauyin duka ya koma kan gaɓar.

Idan komai ya tafi daidai, wannan gaɓa tana yin abin al'ajabi. An auna ƴan wasan jifa, an tarar juyawar ƙashin damtse a lokacin sakin ƙwallo tana wuce digiri 7000 cikin sakan guda, wanda shi ne motsi mafi sauri da aka sani a jikin mutum. Yaron da ke jifan tsuntsaye a gonar gero da wannan na'ura yake aiki.

Amma tulu a kan gammo yakan faɗi. A cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa, kuma fiye da tara cikin goma na gocewarta ta gaba ƙashin ke fita. Yakan faru ne in hannu yana a ɗage, an murɗa shi baya, ko in mutum ya faɗi ya tokara da tafin hannu. Duk mai bin kokowar gargajiya, tun daga ta dandalin ƙauye bayan kaka har zuwa gasar takobi ta ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, ya san irin wannan faɗuwa. A birni kuwa kabu-kabu ya karɓi aikin. Alamarta ba ta ɓuya: zafi mai tsanani, kafaɗar ta rasa mulmulenta ta zama mai kusurwa, mutum ya tallabi hannun da ɗayan, ba ya yarda kowa ya taɓa.

A nan ne ƴan'uwa ke gaggawar taimako, kuma a nan ne ake ɓarna. Wani zai taka hammatar da diddige ya ja hannun. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin littattafan Girkawa da ake dangantawa da Abuƙirat, fiye da shekara 2000 da suka wuce, amma masana yau sun bar ta. Dalili kuwa, ta hammata ne manyan jijiyoyin jini da jijiyoyin ji da motsi na hannu duka suke bi, ɗaya daga cikinsu ma ta naɗe wuyan ƙashin damtse. Bugu da ƙari, ido ba ya bambanta gocewa tsura da gocewar da ta zo da karaya, musamman ga dattijo. Hoton radiyo ne ke bambantawa. Wanda ya ja karyayyen ƙashi da ƙarfi ya ƙara wa Borno dawaki. Abin da ya dace shi ne a rataye hannun da kallabi a yadda mai ciwon ya fi jin sauƙi, a hana shi ci da sha don watakila a sa shi barci, a kai shi asibiti cikin sa'o'in farko, tun tsoka ba ta ɗaure ba. A kuma shafa fatar gefen damtse daga sama, a tambaye shi ko yana ji. In wurin ya mutu, a gaya wa lokotoro tun kafin ya fara aiki.

Mayar da ƙashi rabin aiki ne. Sau da yawa, musamman ga matashi, ƙashin yakan tsinke zoben guringuntsin nan daga bakin gurbi a lokacin da yake fita, raunin da Arthur Bankart na Landan ya bayyana a 1923. Gammo ya yage ke nan. Shi ya sa mafi yawan waɗanda kafaɗarsu ta fara gocewa kafin shekara 20, in suka koma wasa irin na ƙarfi, takan sake gocewa, har a kai lokacin da miƙa ko juyi cikin barci ya ishe ta. Irin wannan yana da magani. Akwai ɗinke zoben, akwai kuma aikin da Michel Latarjet na birnin Liyon a Faransa ya fito da shi a 1954, inda ake ɗauko ɗan guntun ƙashi a kafa shi a bakin gurbin ya zama shinge. Ga wanda ya haura shekara 40 kuwa, abin tsoro ba maimaituwa ba ne. Hular agarar nan ce takan yage. In sati biyu ko uku suka wuce bayan an mayar da ƙashi, dattijo bai iya ɗaga hannu ba, kada a ce masa ya ƙara haƙuri, a koma da shi.

Ƙashin wuya shi kuma karyewa yake yi, galibi a tsakiyarsa, in an faɗi a kan kafaɗa. Ƙashi ne mai ban sha'awa: shi ne farkon wanda ke fara ƙwari tun jariri yana da sati biyar ko shida a ciki, kuma shi ne na ƙarshen gama girma, bayan mutum ya wuce shekara 20. A jikin yara yana haɗewa da kansa cikin ƴan makonni, rataye hannu ya isa, kuma ƙullin da ke fitowa a wurin alamar warkewa ce. Ba na musun cewa akwai maɗoran gargajiya masu hannu da sanin ya kamata. Abin da nake tsoro shi ne ɗauri mai tsauri da karare a damtse ko a hammata. Gaɓar da ta ji rauni kumbura take yi, in ba ta sami wuri ba sai jini ya tsaya. Yatsu su yi sanyi, ko su canza launi, ko su mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa: a kwance ɗaurin nan take, ko da tsakar dare ne. An yanke hannuwan yara da yawa a asibitocin ƙasashenmu sabili da karayar da ko ba a yi mata komai ba da ta warke.

Ciwon kafaɗar da ya fi yawa, duk da haka, ba ya zuwa da faɗuwa. Sannu yake shigowa. Tsakanin kan ƙashin damtse da rufin ƙashin da allo ya yi masa akwai ƴar tazara ta wajen santimita guda, ta nan agarar tsokar sama ke wucewa tare da wata ƴar jakar ruwa mai rage gogayya. Mai daka, da mai jan guga, da magini mai yaɓe sama da kansa, da malamin lakwal mai rubutu a saman allo, duk suna sa wannan agara aiki sau dubbai. Da shekaru sai ta gaji. Mai ita yakan ji zafi a gefen damtse, ba a saman kafaɗa ba, in hannu ya kai tsakanin digiri 60 da 120, ya kuma kasa kwanciya a wannan ɓangare da dare.

Tun daga 1972, lokacin da Charles Neer na Amurka ya bayyana cewa rufin ƙashin ne ke gurzar agarar, aka yi ta yi wa mutane aikin kankare shi. Sai a 2018 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Ingila, ɗaya a Finlan, inda aka gwada wannan aiki da aikin jeka-na-yi-ka, wato a leƙa gaɓar kawai ba a kankare komai ba. Bambancin da aka samu bai taka kara ya karya ba. An kuma gano cewa in aka duba kafaɗun tsofaffin da ba su jin ciwon komai, za a tarar da yagewar agara a jikin da yawa daga cikinsu, har kusan rabin waɗanda suka haura shekara 80. Saboda haka, wanda ya yi hoto mai tsada aka ce masa agararsa ta yage, kada hankalinsa ya tashi, kada kuma ya sayar da gona don tafiya aiki waje tun bai gwada abin da ke kusa ba. In ba yagewar ta zo farat ɗaya bayan rauni ba ce, matakin farko shi ne rage aikin sama da kai na ɗan lokaci, da wata uku na motsa jiki a hannun kine, ma'aikacin da ya koyi gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsi.

Akwai wani ciwo kuma da nake son iyaye mata su karanta da kyau, domin ya fi kama mata, tsakanin shekara 40 da 60, kuma ya fi kama masu ciwon sukari nesa ba kusa ba. Gaɓar kafaɗa tana cikin wata jaka mai sassauci, wadda ke da rara a ƙarƙashi kamar hammatar babbar riga, don hannu ya sami wurin tashi. Wani lokaci wannan jaka takan kumbura, ta yi kauri, ta tsuke. Lokotoron Faransa Simon Duplay ya rubuta a kanta tun 1872, yau kuma ana ce mata capsulite. Takan fara da zafi na wata da watanni, mai hana barci. Daga nan zafin ya ragu, kafaɗar ta sandare: mace ta kasa ɗaura ɗankwali, ta kasa kai hannu baya ta ɗaure goyon jikanta, ɗaga hannu wajen kabbara ma ya zama aiki. Abin da ke bambanta ta da ciwon agara shi ne, ko wani ne ya kama hannun ya ɗaga, ba ya tafiya. Sa'an nan sannu a hankali ta saki. Duka tafiyar takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku, kuma wannan tsawo shi ke sa a fara zargin sammu ko kishiya, a yi ta kashe kuɗi inda ba nan ciwon yake ba. Duk wadda ta ga haka, ta fara da awon sukari. Allurar rage kumburi da lokotoro ke yi cikin gaɓar tana taimako a matakin zafi, sai dai tana ɗaga sukari na ƴan kwanaki, don haka mai ciwon sukari ta faɗa tun da wuri.

Wannan sandarewa takan biyo bayan ajiye hannu da aka yi ya daɗe, kamar wanda ya karye a tsintsiyar hannu ya rataye shi wata biyu bai taɓa motsa kafaɗa ba. Don haka ga motsi biyu marasa tsada. Na farko na Codman ne: a dafa tebur da lafiyayyen hannu, a sunkuya, a saki mai ciwon yana reto kamar guga a bakin rijiya, gaba da baya, sa'an nan a kewaya. Na biyu, a kwanta rigingine, a riƙe sanda ko muciya da hannu biyu, lafiyayyen ya tura mai ciwon sama har inda ya ji ja, a dakata kaɗan, a sauke. Sau biyu ko uku a wuni, ƴan mintoci. Jin ja ba laifi ba ne, amma zafin da ya kwana ya tashi da mutum alama ce an wuce gona da iri. Masu jinyar wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki kuwa, kada su taɓa tayar da shi ta hanyar jan shanyayyen hannun, domin tsokokin da ke tsaron gaɓar sun daina aiki. A tallabe shi ta gangar jiki, a sa matashi ƙarƙashin hannun in yana zaune. Game da ƙwayoyin da ake saye a tebur kuma, diklofenak da ƴan'uwansa suna cin ciki da ƙoda in aka daɗe a kansu, tiramol kuwa ya kama mutane da yawa da suka fara shan sa don ciwon gaɓa kawai.

Saura abu guda, wanda ya fi duk abin da ya gabata gaggawa. Ba kowane ciwon kafaɗa ne daga kafaɗa yake ba. Jijiyar da ke kula da tantanin da ya raba ƙirji da ciki daga wuya take fitowa, wuri ɗaya da jijiyoyin fatar kafaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa rikita saƙon. Shi ya sa ciwon matsarmama kan buga a kafaɗar dama ko a ƙasan allonta. Ciwon zuciya kuma kan sauko ta kafaɗar hagu da hannu, tare da nauyin ƙirji, da gumi, da ƙarancin numfashi. Matar da al'adarta ta yi jinkiri, ta ji ciwon mara da jiri, sa'an nan ta ji zafi a ƙolin kafaɗa, ana tsoron cikin ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini na zuba a ciki. Wannan a ɗauke ta a lokacin, ba a jiran gari ya waye. Yaron da kafaɗarsa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, shi ma na ranar ne. Mai sikila kuma da ciwon kafaɗa ya ƙi tafiya bayan rikicin ciwon ya lafa, a yi masa hoto, domin cutar takan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse kamar yadda take yi wa na cinya. Gwajin gida mai sauƙi shi ne a motsa hannun ta kowane ɓangare. In motsin bai ƙara zafin ba, bai kuma rage shi ba, to a nemi dalilin a wani wuri, a bar shafa man zafi.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu gangara zuwa gwiwar hannu, mu ga abin da ke faruwa in aka fizgi ƙaramin yaro ta hannu don tsallakar da shi kwata.